Na Bi Sawun "An Ce" Har Ƙofar Ɗakina

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Jidda, unguwar Kurayyat, ranar Lahadi da hantsi.

Zuwa ga maigidana da bai taɓa yi mini cefane ba, jikana Sa'idu, a birnin Alƙahira.

Ina gaishe ka gaisuwar kaka, wadda ba a amsa ta a tsaye. Ina fata jirgi ya sauke ka lafiya, ka tarar da ɗakinka da littattafanka yadda ka bar su. Allah Ya tsare ka a ƙasar mutane, Ya tsare cikinka daga waken ful ɗin Misrawa safe da yamma, Ya tsare idonka daga 'ya'yansu mata, don har yanzu da aurena a kanka, ban ji ka ce ka sake ni ba.

Da hannuna na rubuta wannan takarda, da ɗan ajamin da na tsira da shi daga makarantar allo. Ban je wurin masu rubuta wa mutane wasiƙa a kasuwar Bab Makka ta nan Jidda ba, don abin da ke cikinta ba na kunnen kasuwa ba ne. In ka ga layi ya hau tudu ya gangara, ido ne, ba hankali ba. Maƙwabciyarmu Hajiya Zulai za ta je Alƙahira ganin likitan ido, ita za ta miƙa maka.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Ranar Alhamis ka tafi, babanka bai sa maka albarka ba. Na ji yadda aka yi. Ka je shagonsa ka durƙusa a gefen bandiran yadi, ka ce, "Baba, zan tafi," shi kuwa ya ci gaba da auna wa wani alhaji farin yadi kamar kujera ce ta yi magana. Ka dawo gida ka ce mini ƙura ce ta shiga idonka. Ni na raine ka tun ranar da uwarka ta rasu ta bar ka kana rarrafe. Na san ƙura, na san kuka.

Dalilin fushinsa ka san shi. Karatun da ka koma yi a kan wani malamin Yahudawa ne na zamanin da, wanda ka ce ya yi likitanci da fatawa a can Masar, ya mutu shekara ɗari bakwai da ɗoriya. To, a wannan fushin akwai kasona, kuma ba ƙarami ba ne. Zan zo wurin. Ka san ni, sai na zagaya.

A hutun nan naka, kullum da la'asar ina tsintar wake kana zaune a tabarma kana cika mini kunne da mutumin nan. Kana ganin na lumshe ido sai ka kira ni kaka da Larabci, ka ce, "Sitti, kin yi barci." Ba barci ba ne. Kunya ce. Duk abin da ka ce yana yi in an kawo masa tambaya, ni akasinsa na yi shekara talatin, kuma ana ce mini Malama.

Ka tuna gidanmu na da, kusa da masaukin alhazai. Duk shekara matan ƙasarmu in sun sauka, wurina suke tarewa kafin su wuce Makka. Ni ke nuna musu kasuwa, ni ke yi musu tafinta, ni ke gaya musu wane mai mota ne ɓarawo. Daga nan sai tambayar addini ta biyo baya, don mace ta fi son ta tambayi mace. Karatuna izu biyar ne da ɗan abin da na tsinta a bayan labule in kakanka yana ɗaukar darasi. Amma bakina ya fi karatuna sauri, kuma ina jin daɗin yadda suke zuba mini ido.

Ka ce shi wannan malami, in wasiƙa ta zo masa daga wata ƙasa, tambayar ake ajiyewa gaba ɗaya a saman amsar, da duk ƙananan abubuwan da ke cikinta. In wani abu bai fito ba, sai ya raba amsar: in kaza ne ya faru ga hukunci, in kuwa kaza ne ga wani. Ranar da ka faɗi haka, Hajiya Rabi ta Katsina ce ta faɗo mini a rai.

Wata 'yar siririyar tsohuwa ce, ta shekara bakwai a hanya. Ta zo mini tana cikin harama, ta ce, "Malama, wani abu mai ƙamshi ya taɓa tufafina." Ban bar ta ta haɗiye yawu ba na ce, "Turare a cikin harama? Sai yanka. Shi ke nan." Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na riga na juya ga ta bayanta. Ba ta da abin sayen tunkiya. Abin da take da shi farin yadi ne da ta ɗauko tun daga gida don ta jiƙa shi da zamzam ya zama likkafaninta. Shi ta sayar ta yi yankan. Sai bayan an sauko daga Arfa ta ba ni ragowar labarin, tana dariya, ba ta ma san an cuce ta ba. Ashe ma'aikatan lafiya ne a tashar jirgin ruwa suka fesa wa kowa maganin ƙwari, ita da kayanta. Ba turare ba ne, ba ita ta shafa ba, ba ta ma so ba. Na tambayi kakanka a kaikaice, kamar zancen wata ce. Ya ce, "Wace jahila ce ta sa ta yanka?" Na ce wata ce a can wajen Bab Makka.

Na saya mata wani yadin, amma ba ta sake komawa Makka ta jiƙa shi ba, jirginsu ya tashi. Don haka ka ji ni: in mutum ya zo maka da tambaya, bar shi ya gama. In ya gama, tambaye shi abin da ya rage. Ƙarshen magana shi mutane ke jin nauyin faɗa, kuma galibi can hukuncin yake.

Wannan ƙarami ne. Ga babban, wanda ban taɓa gaya wa mai rai ba sai jiya.

Ka san a Sudan na haifi babanka, a wani ƙauye na masu tsinkar auduga, muna kan hanyarmu ta zuwa nan. Bayan haihuwar zazzaɓi ya kwantar da ni kwana da kwanaki ban san inda kaina yake ba. Wata daga cikin matan zangon ta shayar da shi har na tashi. Wace ce, ban riƙe ba. Ayari ya watse, kowa ya kama gabansa.

Shekara ashirin bayan haka, a nan Jidda, ba a daɗe da rushe ganuwar gari ba, babanka ya ga wata yarinya ya ce ita yake so. Sunanta Sakina, 'yar Hausawan Sudan ce, ubanta ɗan dako ne a tashar jirgi, uwarta Batula ta rasu. Yarinyar ba ta da aibu. Ni ce dai ba ta kwanta mini ba. Larabcinta ya fi Hausarta, tana dariya har a ga dasashinta, in ta zo gaishe ni sai ta sumbaci goshina maimakon ta durƙusa. Ka ga manyan laifuffuka.

Ana nan sai a wani taron suna, ana ta hayaniya ana rabon waina, wata murya daga bayana ta ce, "Anya ba Batula ce ta shayar da ɗanki ba lokacin da kika kwanta?" Ban waiwaya na ga mai maganar ba. Ban tambaye ta ko tana wurin a lokacin ba. Da "anya" ta faɗe shi, ni kuwa na cire "anya" na jefar, na ɗauki sauran na sa a bakin zanena, don ya yi mini daidai da abin da nake so.

Washegari na gaya wa mai kitso. Jibi na gaya wa mai sayar mana da ruwa da matarsa. Duk gidan da na shiga sai na yi ajiyar zuciya in ce, "Ga yarinya mai hankali, amma ina, 'yan'uwan nono ne." Uban Sakina ya zo har ƙofar gida, mutum mai sanyin hali, ya tsaya a rana ya ce, "Hajiya, wa ya faɗa miki? Ni ban taɓa jin marigayiya ta ambata ba." Na ce masa daga bayan ƙofa, "Kowa ya sani."

Aka kai maganar gaban malamin unguwa. Ya ce a mazhabarmu ko tsotso ɗaya ya isa ya haramta aure, amma maganar mata a kan haka ba ta tsayuwa sai in zancen sananne ne a bakin mutane tun kafin a zo ɗaura aure. Sai ya sa aka tambayi matan unguwa. Mata goma suka ce sun ji. Gaskiya suka faɗa, sun ji. Abin da bai tambaya ba shi ne daga wa. Da ya tambaya, da ya ga mata goman nan mace ɗaya ce, kuma ga ta nan zaune a bayan labule tana jan carbi. Aka fasa auren. Babanka ya ƙaurace wa tukunyata. Wata uku yana cin abinci a kasuwa. Sakina aka aurar da ita can Bur Sudan, ban sake ganinta ba.

Bayan shekara goma, kai kana ɗan yaro, wata tsohuwa ta zo aikin Hajji daga Sudan, ana ce mata Iya Kaltume. Ta yi ta tambaya har aka kawo ta gidana. Tana shigowa ta rungume ni ta ce, "Ina ɗana da na shayar? Kwana tara yana ƙirjina, ya kusa cinye ni." Na ce, "Ke kaɗai?" Ta ce, "Da wa? Ni kaɗai ce mai goyo a zangon." Na ce, "Batula fa?" Ta ce, "Wace Batula? Matar ɗan dako? Ai su sai bayan shekara biyu da tafiyarku suka iso." Na dafa mata shinkafa da kifi, na ba ta turmin atamfa, na raka ta har bakin titi, na dawo na rufe bakina. Shekara goma sha biyar ke nan.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: "Sitti, ai da ba ki yi haka ba da ba a haife ni ba." Haka ne, kuma ni ma da wannan na yi ta lallashin kaina. Uwarka mutuniyar kirki ce, Allah Ya jiƙanta, kai kuma ko ba ka cefane ina son ka. Amma alherin da Allah Ya fitar daga cikin abu nasa ne. Ƙaryar tawa ce.

Yanzu za ka gane abin da ya sa na zubar da tiren wake ranar da ka ba ni labarin mutumin naka da alƙali. Ka ce mutumin naka ya tattara hukunce-hukuncen addininsu kaf, ya jera su babi-babi cikin harshe mai sauƙi don kowa ya gane, amma bai rubuta inda ya samo kowanne ba. Malaman zamaninsa suka yi masa ca a kan haka. Wata rana wani alƙali ya zo masa da littafin a hannu, ya nuna wuri ɗaya ya ce daga ina wannan. Malamin ya ce yana wuri kaza, aka duba babu. Ya ce to wuri kaza, nan ma babu. Sai da alƙalin ya tafi sannan ya tuna. Ka ce abin ya dame shi, har ya yi niyyar ya bi littafin ya nuna asalin irin waɗannan wuraren. Kai kana faɗa kana dariya, wai ga babban malami ya manta. Ni kuwa na ce a raina, wannan yana da asalin, mantawa kawai ya yi, kuma ya kasa sukuni. Ni da ba ni da asalin komai na raba mutum biyu, na ci tuwona na yi barci.

Kada ka yarda da yawan baki, Sa'idu. In mutum goma suka gaya maka abu, tambayi kowanne inda ya ji. In ka samu magana ta yi maka daɗi ƙwarai, ta zo daidai da abin da kake so, ita za ka fi tsananta wa bincike. Wadda ba ka so ai ba sai an ce ka bincika ba.

To, ga inda nake ta zagayawa in zo.

Jiya Asabar na yafa mayafina na hau bas zuwa Bab Makka. Na tarar da babanka shi kaɗai a shago yana kaɗe ƙura. Ka san ba na kiran sunansa, ɗan fari ne. Allah Ya saka wa Larabawa da suka koya mana alkunya, kiran mutum da sunan ɗansa. Na ce, "Abu Sa'idu, yaron nan me ya yi maka?"

Ya ce, "Inna, zauna tukuna. A kawo shayi?"

Na ce, "Ban zo shan shayi ba."

Ya ce, "Yaron da ya tare a gidan Bayahude a Masar, yana cin abincinsa, ya bar salla, shi zan ɗaga hannu in sa wa albarka? A wannan zamani, da kullum rediyo ba ta da zance sai Ƙudus?"

Na ce, "Bayahuden da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakan kakanka? Wa ya faɗa maka?"

Ya ce, "Kowa ya sani."

Ka ji. Da muryata ya faɗe shi, har da yadda nake karkata kai. Na dafa bandir na zauna. Na ce, "Kowa ba shi da gida. Ba ni sunan mutum ɗaya." Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce Tanko tela ne na shagon gaba.

Na shiga wurin Tanko. Ya ce, "Wallahi Hajiya ni ban ce ya bar salla ba, cewa na yi wanda ya zauna da su ai sai a hankali. Kuma a bakin mai ɗakina na ji." Na ce ya kwatanta mini gidan. Na sami matar tana wanki, ta ga ni ta rasa inda za ta sa hannunta. Ta ce, "Ni dai cewa na yi tare suke kwana da tashi. Tarewar ban san wa ya ƙara ba. Nafisa mai lalle ce ta gaya mini." Na sake hawa bas, rana ta take, na dawo Kurayyat gidan Nafisa. Na same ta tana kwaɓa lalle. Na ce, "Nafisa, zancen jikana da Bayahude, a ina kika samo shi?" Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar lallen, ta ce, "Hajiya, wasa kike yi?" Na ce, "Na yi kama da mai wasa?" Ta ce, "Ai ke kika faɗa. A sunan gidan Isa mai tsire. Har muka yi ta dariya."

Nan take na tuna. Ana raha aka ce ina angona, ba a ganinsa. Na ce, "Ku bar shi, ya samu sabon malami, wani tsohon Bayahude a Masar, dare da rana suna tare, ni ko kallo ban ishe shi ba." Na faɗa don a yi dariya, kuma an yi. Ban ce littafi ba ne. Ban ce mutumin ya mutu ba, don da na faɗa da labarin bai yi armashi ba. Ka ga kakarka. Na bi sawun zance unguwa biyu, na biya kuɗin bas, ashe daga ɗakina ya fita.

Kai ma ka gaji bakin nan nawa, shi ya sa nake gaya maka. Labari in ka ga ya fi daɗi idan an cire masa wani yanki, to wannan yankin shi ne gaskiyar. Kada ka yi wa mutumin naka haka a cikin rubutunka. Kada ka ƙara masa abin da bai faɗa ba don malamanka su yaba, kada ka rage masa don mutanen gida su huce. Addininsa nasa ne, naka naka ne, ka riƙe sallarka a kan lokaci. Amma matacce ba ya iya tashi ya ce ban faɗa ba, ko Musulmi ne ko Bayahude, don haka amanarsa tana wuyanka.

Bayan la'asar na koma shagon. Na zayyana wa babanka komai, daga Tanko har gidan Isa mai tsire. Ya saurara yana naɗe wani shuɗin yadi. Da na gama ya ce, "To, tarewa ƙarya ce, barin salla ƙarya ce. Littafin fa? Littafin ai ba wasanki ba ne. Malamanmu sun ƙare ne?" Na ce wannan ba ni da amsarsa, kuma yau ba zan ƙirƙiro ba.

Ya ajiye yadin. Ya maida idonsa kan titi. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna, tunda yau kin iya bin sawun magana, ta Sakina wa ya faɗa miki?"

Shekara ashirin da biyar ban ji sunan nan a bakinsa ba. Na tuna ka ce mutumin naka, da ya manyanta, ya koma kan littafin da ya rubuta yana saurayi, ya yi ta gyara, kuma in an nuna masa ya yi kuskure yakan amsa a rubuce cewa ya yi. Na ce a raina, Hajiya, kin kusa saba'in, likkafaninki na cikin akwati, sai yaushe? Na gaya masa. Muryar da ban waiwaya na gani ba, gidajen da na bi, mata goma, Iya Kaltume da kwana taranta. Ban rage komai ba, har da sumbar goshi.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka san me?"

Ya ce, "Iya Kaltume nan ta fara zuwa. A nan ta zauna inda kike zaune. Ni na kwatanta mata gidanki."

Ashe duk shekarun nan, duk Juma'ar da ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo mini kifi da lemo, ya sani. Jira yake in faɗa da bakina. Ni ina ɓoye masa abin da yake riƙe da shi, shi yana ɓoye mini cewa ya sani, muna ta gaisawa lafiya lau.

Na ce, "Ka yafe mini." A tsakiyar kasuwa, uwa ga ɗanta na fari. Ya ce, "Haba Inna, mutane na kallo." Ya leƙa waje ya kira mai shayi, ya ce a sa na'ana'a da yawa, yadda nake so. Muka sha. Da zan tashi ya ce, "Na yafe tun tuni. So nake kawai in ji."

Ba zan yi maka ƙarya in ce ya sa maka albarka ba. Bai sa ba tukuna. Ga abin da ya ce, kuma na sa ya maimaita sau biyu don kada bakina ya yi masa ado a hanya:

"Ki ce masa ya rubuto mini. Ni, ba ke ba. Ya gaya mini abin da yake nema a wurin mutumin nan, da abin da zai yi da shi in ya samu. Duk abin da ya ce mutumin ya faɗa, ya nuna mini inda yake. In na karanta zan kai wa liman mu duba tare. Sannan in san abin da zan ce. An taɓa yanke mini hukunci da 'an ce', ni ma na tashi zan yanke wa ɗana. Ya isa."

To, maigida, tambaya ta zo maka daga wata ƙasa, kamar yadda take zuwa wa mutumin naka. Ka ajiye ta a gabanka gaba ɗaya kafin ka amsa. Ka lura, ba cewa ya yi ka kare kanka ba, kuma ba cewa ya yi ka nuna masa ka fi shi karatu ba. Tsoro yake ji kada ya rasa ka, sai dai ba zai faɗa ba, don jinina ne. Wannan ita ce ragowar tambayar, wadda ba ta fito ba. Ka rubuta da Larabci tunda shi ya fi saurin karantawa, amma gaisuwar ka yi ta da Hausa, ka durƙusa a cikinta sosai. Inda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. In akwai abin da ka karanta ya girgiza ka, ka faɗa masa shi ma, kada ya ji a bakin wani. Kuma ka ba shi haƙuri a kan ɓoye masa da ka yi shekara guda kana cewa shari'a kake karantawa, ka yi shiru a kan ta wa. Rabin gaskiya ne, na san irinsa, ni na ƙware a kai.

Hajiya Zulai kwana goma za ta yi. Ka ba ta amsar ta taho da ita, a rufe, da sunansa a baya. Kada ka ce sai ka gama jarrabawa, kada ka ce sai ya ƙara hucewa. Ni ma haka na yi ta cewa, kullum gobe, har furfura ta cika kan ɗana yana jirana.

Albarkata kana da ita, tun kana cikin zanen goyo, ba ta taɓa tsinkewa ba. Amma tawa ta kaka ce, ba ta tsaya a madadin tasa ba, kuma ba na so in kwanta dama ban ji ya furta ta ba.

Allah Ya kiyaye ka fita da shiga. Ya buɗe maka abin da ke da amfani, Ya rufe maka wanda ba shi da shi. Ya sa ka gama lafiya ka dawo ka same mu, ni da shi, a raye. Ya jiƙan uwarka da kakanka, Ya jiƙan Hajiya Rabi ta Katsina, Ya sa Sakina tana cikin alheri a inda take. Ka sa ni a addu'a in ka yi sujada, ka ambace ni da sunana, don akwai abin da ake bina.

Ni ce matarka ta fari,
kakarka Hajiya Hauwa.